Jirgin Ladidi Ya Makara

Williamsville, Abidjan
Yuni 2002

Zuwa ga Goggo Ladidi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da autanki Abdulra'uf da duk mutanen Katsina. Ni ce Ni'ima, 'yar marigayi Mishari ɗan kawunki, wadda kika bari tana firamare lokacin da kika koma gida. Mu nan lafiya lau. Inna ƙafarta ta yi sauƙi, har tana zuwa kasuwar Adjamé da kanta. Ki yi haƙuri da Hausata, ta Abidjan ce, Faransanci ya cinye rabinta.

Goggo, wataƙila labari ya iso miki cewa ni da maigidana Sadi muna da ƙungiyar kiɗa. Shi yana kaɗa gurmi, ni ina waƙa, akwai mai kukuma da masu amshi, sannan babbanmu shi ne Baba Abdulwahid mai kalangu, abokin mijinki marigayi Baba Idi. Muna yin bukukuwa a Treichville da Adjamé. Bana muka yi niyyar yin kaset na tsofaffin waƙoƙi, sai muka je wani ƙaramin gidan rediyo da yake ba Hausawa awa guda ran Lahadi, muka ce jama'a su faɗi waɗanda suke so mu maimaita.

Ba mu san abin da muka jawo wa kanmu ba. Masu dakon tashar jirgin ruwa suna son waƙar ɗaukar buhun koko. Matan kasuwa suna son waƙar niƙa, alhali dukansu inji suke kai wa. Yaran motocin haya na gbaka sun ce mu juya wata waƙar aure daga yaren Jula zuwa Hausa. Wani malamin allo ya aiko cewa a yi ta manoma, amma kada a ambaci budurwa ko ɗaya. Akwai wani mutum da ya kira daga kabin ɗin tarho, ya ce waƙar da uwarsa take yi masa yake so, kalmomin sun ɓace masa, sai ya kama yi mana sautin da hanci har layin ya yanke.

Amma wadda ta fi kowace yawan masu nema ita ce taki, waƙar da Baba Idi ya yi ranar da ya je tarbarki a tashar jirgin ƙasa ta Treichville kina amarya, jirgin da ya ɗauko ki daga garin Bobo ya ƙi isowa. Kowa ya san amshin:

Jirgin Bobo ka makara,
kifin da na saya ya huce,
Ladidi, ina kika tsaya?

Sauran baitocin kuwa babu wanda ya riƙe su daidai. Baba Abdulwahid ya ce kiɗan yana hannunsa, amma kalmomin suna wurinki. Shi ya sa na rubuto, ina roƙon izininki, da kuma baitocin in kina tuna su. Direban motar goro da ya kawo miki wannan takarda zai juyo bayan ya sauke kaya.

'Yarki,
Ni'ima

*

Katsina
Agusta 2002

Zuwa ga ɗiyata Ni'ima,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na yi murna ƙwarai. Maƙwabciyata Malama Barakatu ce ta karanta mini, ita ce kuma take rubuta wannan. Ashe 'yar Mishari mai kukan a saya mata alawa ce ta zama zabiya. Allah ya yi albarka. Ki gaishe mini da Innarki, ki ce ta riƙa shafa man kaɗanya da ɗumi a ƙafar. Ki gaishe da mijinki, ki gaishe da Abdulwahid, ki ce masa ashe bai daina matse kalangu ba har yanzu.

Mu nan damina ta yi kyau, gero ya fara kai. Ni dai sai ciwon baya da ba a rasa ba.

Waƙar niƙa da matan kasuwa suke so na san ta, ga ta nan Malama ta rubuta a bayan takarda. Ta dakon koko ki tambayi tsofaffin da suke zama a ƙofar masallacin bakin tashar ruwa, su suka san ta. Mutumin nan mai yin sauti da hanci kada ku yi masa dariya, ku neme shi ku tambaye shi garin uwarsa, daga nan za a gano waƙar.

Amma waƙar jirgi, wannan ku bar mini ita.

Direba yana ƙofar gida yana ta danna oda, Malama ta ce in taƙaita. Sauran magana sai Allah ya haɗa mu.

Goggonki,
Ladidi

*

Williamsville
Farkon Satumba 2002

Goggo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai Baba Abdulwahid da yake kwance, ƙirjinsa ne ya matsa masa. Mun gode da waƙar niƙa, mun fara koyonta.

Na fahimci maganarki a kan waƙar jirgi. Ki gafarce ni, ban yi tunani ba. Waƙar mijinki ce, ke aka yi wa, ba daidai ba ne mu ɗauke ta mu kai gidan biki ana rawa ana shewa, ke kuma kina can da kewarsa. Sadi ya ce in sake roƙonki, na ce a'a, babba ta ce a bar mata abinta, an gama magana.

Ran Lahadi na faɗa a rediyo cewa ba za a sa ta a kaset ba. Mutane ba su ji daɗi ba. Wata mai sayar da atamfa ta tare ni a kasuwa ta ce to me za mu sa a ciki, in babu Ladidi. Wasu suna cewa mu yi kawai, ai Katsina da nisa, ba za ki ji ba. Ba za mu yi haka ba.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne gaya wa Baba Abdulwahid. Ya dai ce a sauko masa da kalangun daga ƙusa, ya duba tsarkiyar, ya ce a mayar. Daga baya matarsa ta gaya mini dama burinsa ya kaɗa wannan waƙar sau ɗaya a kaset, don jikokinsa su san da wa ya yi zamani.

Ban faɗi wannan don in matsa miki ba. Ba zan sake tayar da zancen ba, in sha Allahu.

Ni'ima

*

Katsina
Janairu 2003

Ɗiyata Ni'ima,

Sallama da gaisuwa. Ban san ko wannan takarda za ta same ki ba, ban san ma a wane hali za ta same ku ba. Takardarki ta iso, ban kai ga ba da amsa ba sai muka ji a rediyo rikici ya tashi a ƙasarku, an datse hanyar Bouaké, motocin goro sun daina zuwa. Ba ni da lambar tarhonku, ku kuma ba ku da akwatin gidan waya. Azumin bana duk na yi shi ne da kunne a jikin rediyo. Duk wanda aka ce ya dawo daga Abidjan sai na je gidansa, amma babu wanda ya san inda kuke. Yanzu na samu Alhaji Jumare, mai shigo da kaya, zai bi ta Legas da Ghana. Na ba shi amanar ya neme ku ko'ina kuke.

Yanzu ki saurara da kyau, 'yar Abidjan. Da na ce ku bar mini ita, ba hana ku na yi ba. Cewa na yi ku ajiye mini, kamar yadda ake cewa a bar wa mutum tuwonsa har ya dawo. Niyyata in zo da kaina bayan ƙaramar Sallah in yi ta tare da ku, na so in ba ku mamaki ne. Da Malama ta karanta mini amsarki, da abin da kika ce game da Abdulwahid, kwana na yi ina juyi. Laifin direban nan ne mai oda, da ni da ban ƙara kalma biyu ba.

Dalilin da ya sa na ce a jira ni, waƙar nan rabinta kuka sani. Idi yana yin nasa a dandali, ni kuma ina da amsa da nake ba shi a cikin ɗaki, babu wanda ya taɓa ji sai shi. Yana cewa ina na tsaya, ni kuma ina cewa:

Idi, zauna ka jira,
ba ni ke tuƙa jirgi ba,
kifin in ya huce ka ci.

Daga nan sai in ba shi labarin abin da na gani ta tagar jirgi, tun daga Bobo har na hango ruwan Abidjan na ɗauka sama ce ta faɗo ƙasa.

Tunda hanya ta ƙi, na shiga ɗakin Malama Barakatu mun rufe ƙofa, na yi ta duka a cikin rakodarta, nasa baitocin da nawa. Kaset ɗin yana cikin ƙullin kuka da daddawa da na aiko wa Innarki. Muryar ta tsufa, tun rasuwar Idi ban buɗe baki na yi waƙa ba. Ku yi yadda kuka ga dama da ita. In Abdulwahid yana raye, a fara kai masa. In kuwa Allah ya yi ikonsa, kada ki ɓoye mini.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne, in dai san kuna numfashi.

Goggonki,
Ladidi

*

Adjamé Liberté
Ƙarshen Fabrairu 2003

Goggo tawa,

Muna raye, dukanmu. Inna lafiya, Sadi lafiya, ni lafiya, Baba Abdulwahid ma yana nan da ransa. Na fara da wannan don Malama ta karanta miki ki sauke numfashi kafin sauran.

Mun sha tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Da abin ya tashi an sa dokar hana fita, bukukuwa suka tsaya, mutanen gidan hayarmu da yawa suka tattara suka tafi. Mu ma muka bar Williamsville muka dawo wurin yayar Sadi a nan Liberté, ɗaki ɗaya da Inna, labule ne ya raba mu. Mai kukumarmu ya koma Nijar. Sadi ya jingine gurmi ya kama gyaran rediyo a bakin titi. Yanzu dai an ɗan samu sauƙi, ana fita kasuwa, mun yi layya lafiya.

Alhaji Jumare ya sha yawo kafin ya same mu. Ya je tsohon gidanmu aka ce mun tashi, ya je masallatai yana tambaya, har Allah ya haɗa shi da mai atamfar nan da ta taɓa tare ni. Da ta ji saƙo ne daga Ladidi, rufe rumfarta ta yi ta kawo shi da ƙafarta.

Goggo, da na karanta bayanin tuwon nan, sai na zauna a ƙasa ina dariya hawaye na zuba. Inna ta karɓi takardar farko ta ce in sake karanta mata layin. Da ta ji sai ta ce, "Ai ko yaro ya san me take nufi. Me ya hana ki kawo mini tun farko?" Ni kuwa kunya ce ta hana ni a lokacin, na ɗauka na ɓata miki rai.

Washegari da safe muka shiga tasin da ake kira woro-woro muka haye gada zuwa Treichville. Mun tarar da Baba Abdulwahid ya rame, yana jingine da matashi, magana ma da ƙyar. Ban yi masa bayani ba, na dai sa kaset. Da muryarki ta fito tana yin baitocin Baba Idi, ya rufe ido, yatsunsa suna motsi a kan bargo. Da kika shiga amsarki kuwa, sai ya buɗe ido ya ɗaga hannu a tsayar. Ya ce a mayar baya. Da ya sake jin "ba ni ke tuƙa jirgi ba," dariya ta kama shi har tari ya sarƙe shi, matarsa ta taso da ruwa tana yi mana faɗa.

Da ya huta sai ya ce, "Shekara da shekaru ina kaɗa wa Idi waƙar nan. Duk inda ya gama baiti sai ya yi shiru yana murmushi, ya bar ni ina kiɗa ni kaɗai. Na sha tambayarsa me yake jira. Ashe ke yake saurare."

Ranar ya ci abinci sosai, matarsa ta ce rabon da ya cinye kwano tun kafin azumi. Likita dai ya ce maganin da aka canja masa ne ya karɓe shi, mu kuma ba mu yi gardama ba.

Ga shawarar da muka yanke, in kin yarda. Ba zan maimaita amsarki da bakina ba. Muryarki za mu sa yadda take, Sadi ya yi baitocin Baba Idi, Baba Abdulwahid ya bi ku da kalangu. Wannan karon ki amsa mini da Hausar yara, don Allah.

'Yarki,
Ni'ima

*

Katsina
Maris 2003

Ɗiyata,

Alhamdu lillahi. Malama ba ta gama layin farko ba na ce ta dakata, na yi alwala na yi nafila, sannan muka ci gaba. Na dafa dambu na raba wa maƙwabta sadaka. Bayana ma ya daina ciwo, ko kuma na daina jinsa.

Ga Hausar yara: na yarda. Ku sa. Ku yi.

Abu biyu kawai. Ki gaya wa Sadi kada ya yi waƙar da baƙin ciki don mai ita ya rasu. Idi da yunwa da haushi ya yi ta, yana tsaye a tasha da babbar rigar aro, kifi yana yi masa maiƙo a hannu. Na biyu, a wajen baiti na huɗu za ku ji zakara ya yi cara, na gidan Malama ne, mun kore shi ya ƙi tafiya. In ana iya cire shi a cire.

Ki gaishe da Abdulwahid, ki ce ya ci abinci ya tashi, aiki na jiransa.

Ladidi

*

Adjamé Liberté
Mayu 2003

Goggo,

Gaisuwa da fatan kin wuni lafiya. Inna tana gaishe ki, daddawar ta kusa ƙarewa, ta ce in faɗa miki a fakaice.

An gama kaset. Ga naki nan guda uku a hannun Alhaji Jumare. Mun yi aikin ne a wani ɗan ɗakin ɗaukar murya a Treichville, da rana tsaka, don kowa ya koma gida da wuri. A kujera aka ɗauko Baba Abdulwahid, amma da aka rataya masa kalangu ya ƙi zama. Mai na'urar ɗan ƙabilar Baule ne, ba ya jin Hausa ko kaɗan, sai da na fassara masa amsarki, ya ce matarsa ma haka take yi masa magana. Carar zakara kuwa, mai na'urar ya ce ba ta ciruwa sai an taɓa muryarki, muka ce a bar shi.

Sauran waƙoƙin ma sun shiga. Ta niƙa, ta dakon koko, ta manoman malam babu budurwa. Mutumin nan mai sauti da hanci mun same shi, mai gadi ne a wani shago. Uwarsa 'yar Dogondutsi ce, wata tsohuwa a Adjamé ta gane waƙar tun bai kai ƙarshe ba. Ran da ya ji ta da kalmominta, fita ya yi waje ya daɗe bai dawo ba.

Makon jiya aka yi bikin farko da muka samu tun tashin rikici, da la'asar, a wani layi kusa da tashar jirgin. Mutane ba su san da amsarki ba. Sadi ya yi baitin farko, jama'a suka karɓi amshi, sai muka yi shiru muka saki muryarki ta lasifika. Can wata tsohuwa ta miƙe ta ce, "Wallahi Ladidi ce," sai guɗa ta tashi ta ko'ina. Mata suka koma gefe guda suna yin naki, maza suna yin na Baba Idi, har ango da amarya aka sa su yi wa juna. Jirgin ƙasa bai dawo aiki ba har yanzu, akwai mutane da yawa a wurin da nasu suke can arewa ba su san ranar haɗuwa ba. Na ga masu dariya suna share ido. An sa mu maimaita har aka kira magariba.

'Yarki,
Ni'ima

*

Katsina
Yuli 2003

Ɗiyata Ni'ima,

Sallama mai yawa. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya saka da alheri. Muna lafiya, an yi shuka, ruwa yana sauka. Daddawar Innarki tana hanya.

Na saurari kaset a ɗakin Malama. Sadi ya yi ƙoƙari, ya kama haushin Idi daidai. Hannun Abdulwahid kuwa ko a cikin barci na ji shi zan gane.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Abdulra'uf bai san na yi wannan aiki ba. Yaro ne mai son karatun addini, ba ya sa kiɗa a gidansa, ni kuma a gidansa nake zaune. Yana ɗan shekara biyar ubansa ya rasu, bai san shi da gurmi ba, ni ma ban taɓa ba shi labari ba don kada ya ji wani iri. Na ɓoye kaset ɗin a ƙasan adaka, ina tunanin yadda zan ɓullo masa.

Ashe Alhaji Jumare ya riga ni. Ya sa shi a motarsa a bakin kasuwa, Abdulra'uf yana wucewa ya ji muryar uwarsa tana fita ta taga, tana zolayar ubansa a kan rigar aro. Ya dawo gida kafin lokacin tashinsa daga aiki, ya yi sallama ya zauna a bakin ƙofata. Ni kuma na shirya jin wa'azi.

Sai ya ce, "Inna, da gaske Baba rigar aro ya sa?"

Na ce da gaske, ta Abdulwahid ce ma, ta yi masa yawa har tana jan ƙasa. Ya tambaye ni kifin fa, an ci ko an zubar. Na ce mun ci a kan benci a tashar, da sanyinsa, don jirgin sai da gari ya waye ya iso. Haka ya yi ta tambaya ina ba shi amsa, yadda ubansa yake tafiya, abin da yake sa shi dariya, irin faɗan da muke yi. Abincin rana ya huce a gabanmu, matarsa ta leƙo ta koma. Bai ce waƙa ta halatta ba, bai ce ta haramta ba. Da zai tashi ya ce in ba shi kaset ɗaya ya ajiye.

Yanzu ya ce in tambaye ki, in hanya ta buɗe, ko akwai inda zai sauka a wurinku. Yana so ya gaishe da Abdulwahid, a kuma nuna masa kabarin ubansa. Na ce masa ɗakinku ɗaya ne da labule. Ya ce ko a tsakar gida ne zai kwana.

Ki tanadi tabarma biyu, don ba shi kaɗai zai zo ba.

Goggonki,
Ladidi